Tambaya da Amsa: Sake Ɗora Windows a Kwamfutar da Ta Yi Nauyi

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan magana ɗaya suka zo: laftof ta yi nauyi, an ba da shawarar a yi mata fomat, wato a share faifanta a sake ɗora Windows. Mun zaɓi shida da suka tattaro yawancin abin da ake tambaya. Rubutun da ke fitowa a allon kwamfuta mun bar shi yadda yake, don mai karatu ya gane shi idan ya gani.

Assalamu alaikum. Laftof ta hannu na saya, Core i5 ƙarni na shida, RAM 4GB, faifan ajiya 500GB. Idan na kunna ta sai na yi ta jira kafin in iya buɗe ko da Word. Mai gyara ya yi mata fomat a farkon shekara, ta ɗan yi sauƙi, yanzu ta koma gidan jiya. Ya ce in sake kawowa. In kai? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kada ki kai tukuna. Fomat yana maganin nauyin da ya samo asali daga manhaja ne kawai: bairos, tarkacen manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, ko fayilolin Windows da suka lalace. Idan matsalar a kayan ciki take, yi mata fomat kamar wanke mota ne alhali injinta ke ciwo.

Ki fara da bincike, ba ya cin ko kobo. Kunna kwamfutar, ki bar ta minti biyar ba tare da kin buɗe komai ba, sannan ki danna Ctrl, Shift da Esc tare. Task Manager zai buɗe. Shiga shafin "Performance", ki duba abubuwa uku: CPU (furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta), Memory (RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi) da Disk (faifan ajiya).

Muna kyautata zaton a Disk za ki ga matsalarki. Kwamfutocin wancan zamani masu 500GB galibi HDD ne a cikinsu, wato faifai mai juyawa da allurar da ke bin sa tana karantawa. Na laftof yawanci yana juyawa sau 5400 a minti, yana karanta abin da bai wuce 100MB ba sosai a daƙiƙa. SSD na SATA kuwa, wato faifan zamani marar juyawa, yana kaiwa wajen 500MB, kuma ba shi da allurar da za ta yi ta yawo tana neman ƙananan fayiloli a warwatse, wanda shi ne ainihin aikin da Windows ke ba faifai duk yini. Idan kin ga Disk a tsaye a 100% ba ki buɗe komai ba, to nan ne abin ya toshe. RAM ɗinki ma yana ƙara wa faifan wahala. Windows shi kaɗai yana cinye kaso mai yawa na 4GB, da kin buɗe Chrome sai ya cika, sai Windows ya riƙa sauke abin da ya yi saura a kan faifan, ga shi faifan dama da ƙyar yake tafiya. Abin da ya sa fomat ɗin farko ya yi kamar ya yi aiki shi ne sabon Windows ba shi da kaya. Da sabuntawa suka sauka, manhajojinki suka dawo, sai komai ya koma yadda yake.

Maganin shi ne SSD mai faɗin inci 2.5 na SATA, 256GB ya ishi ɗaliba, a ɗora sabon Windows a kansa. Idan kuɗi ya kai, a ɗaga RAM zuwa 8GB. A shafin Memory akwai layin "Slots used". Idan ya nuna 1 of 2, akwai gurbin ƙari. Kwamfutocin ƙarni na shida wasu RAM nau'in DDR3L suke ɗauka, wasu DDR4, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, don haka a karanta takardar da ke manne a jikin wanda ke ciki kafin a saya. Idan ɗaya kawai za ki iya yanzu, SSD ne kan gaba, nesa ba kusa ba. Tsohon faifan kuma a sa shi a gidan USB ya zama ma'ajiyarki ta waje.

Kafin nan ki sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, ki ga lafiyar faifan. Shuɗin "Good" lafiya lau. Rawayar "Caution" na nufin wasu gurabun faifan sun fara mutuwa, to ranar nan ki kwashe takardun karatunki, kada ki jira gobe. Faifan da ya kai wannan hali ba a yi masa fomat, sauya shi ake yi.

Idan kuma Disk lafiya yake, duba "Speed" a shafin CPU. Idan ya maƙale a ƙasa da 1GHz ko da kina aiki, ko dai zafi ne ko caja. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan iska, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta yana bushewa bayan shekaru, furosesa kuma idan ta doshi digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Celsius sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A buɗe a share, a sa sabon mai. Caja kuwa, wasu kwamfutoci, musamman Dell da HP, suna tantance cajarsu ta siririn tsinken da ke tsakiyar bakinta. Idan ba su gane ta ba, ko ƙarfinta bai kai ba, sai su rage gudu. Cire cajar ki gwada da batir kaɗai. Idan ta saki jiki, kin kama ɓarawon.

Sai idan duk waɗannan sun fita lafiya, amma kina ganin wata manhaja da ba ki sani ba tana cin CPU, ko tallace-tallace na faɗowa da kansu, sannan fomat ya zama abin yi.

Ina so in yi wa kwamfutata da kaina, ba na son barin takardun ofis a shagon gyara. Na ga akwai "Reset this PC", na kuma ji ana yi da filash. Wanne ya fi, kuma ta ina zan fara? Daga wani ma'aikaci, Katsina.

Malam, ta kwashe kaya za ka fara, kuma a nan aka fi yin kuka. Ka kwafi Desktop, Documents, Downloads, Pictures da Videos zuwa faifan waje. Local Disk D ba wurin tsira ba ne, domin a yawancin laftof yanki ne na faifai ɗaya da C, kuskure ɗaya zai tafi da su duka. Akwai abubuwan da ake mantawa sai bayan an gama: kalmomin sirrin da ke ajiye a Chrome ko Edge, fayilolin Outlook masu ƙarewa da .pst, da lasisin Office ko wata manhajar da aka saya. Bayan ka kwafa, ka jona faifan a wata kwamfutar ka buɗe fayiloli kaɗan, ka tabbatar suna buɗewa. Kada ka kwaso tsofaffin fayilolin .exe idan kana zargin bairos, da hannunka za ka dawo da shi. Idan kuma kwamfutar ta ofis ce ba taka ba, ka tambayi masu kula da kwamfutocinku tukuna, wataƙila akwai saitin da su kaɗai ke iya mayarwa.

Sai ka duba abu biyu. A Settings, wajen "Activation", ka ga wane Windows ne a kai, Home ko Pro, ka rubuta. Sannan ka duba ko faifan a kulle yake da BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai. Idan a kulle yake, ka nemo makullinsa mai lamba 48, galibi yana cikin asusunka na Microsoft, ka rubuta a takarda. Taɓa saitin BIOS kawai, wato manhajar tushe da ke tashi kafin Windows, yana iya sa a nemi wannan makulli, kuma idan babu shi, babu mai gyaran da zai buɗe maka.

"Reset this PC" yana wajen "Recovery" a cikin Settings. Zai ba ka zaɓi: "Keep my files" yana barin fayilolinka ya cire duk manhajojin da ka ɗora, "Remove everything" yana share komai. Zai kuma tambaye ka "Local reinstall" ko "Cloud download". Na farkon yana sake gina Windows daga fayilolin da ke cikin kwamfutar, ba ya cin data, amma idan fayilolin ne suka lalace yana iya tsayawa a hanya ya ce ya kasa. Na biyun yana sauko da sabo, yana cin fiye da 4GB. Wannan hanya ta fi sauƙi, kuma ta isa idan tarkace ne kawai ya yi yawa. Amma idan bairos ne, ko an sa sabon SSD, ko an taɓa buɗe Windows ɗin da manhajar satar lasisi, mu filash muke zaɓa, don shi ne ke share ƙasa tas.

Ka nemi filash na 8GB aƙalla, 16GB ya fi kwanciyar hankali, kuma na gaske, domin akwai jabu masu nuna girman da ba su da shi, irinsu ne ke sa aiki ya tsaya a tsakiya da saƙon cewa wani fayil ya lalace. Duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge. A kwamfuta mai lafiya ka sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft, ka zaɓi "USB flash drive", ka bar ta ta yi aikinta. Windows 11 ya haura 5GB, ga sabuntawar da za ta biyo baya, saboda haka ka tanadi data kamar 10GB, ko ka nemi wuri mai Wi-Fi. Wanda ya riga ya sauke fayil ɗin ISO, wato Windows a dunƙule cikin fayil guda, zai iya amfani da manhajar Rufus ya ɗora shi a filash, ya zaɓi GPT da UEFI (sabon tsarin faifai da na tashin kwamfuta), sai fa in kwamfutar tsohuwa ce ƙwarai. Windows ɗin da ake yawo da shi a filash ana cewa an rage masa nauyi ko an riga an buɗe shi, mu ba ma ba da shawararsa. Ba ka san abin da aka cire ba, ba ka kuma san abin da aka cusa ba.

Batun wuta: ka cika batir, ka bar caja a jone. Idan batirin ya mutu, ka jira lokacin da kake kan janareta ko sola. Ɗauke wuta a tsakiyar ɗora Windows ba ya ƙona komai, sai dai ka faro daga farko. Wanda ke da haɗari shi ne ɗauke wuta ana sabunta BIOS, shi kam yana iya sa kwamfuta ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Kashe kwamfutar, jona filash, kunna, ka riƙa danna maɓallin zaɓen wurin tashi tun kafin tambarin kamfani ya ɓace: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, Esc a Asus. Zaɓi filash ɗin, wanda aka rubuta UEFI a gaban sunansa idan ya fito sau biyu. Idan aka nemi lambar lasisi, danna "I don't have a product key", ka zaɓi irin Windows ɗin da ka rubuta ɗazu. Daga nan ka zaɓi "Custom", kada ka zaɓi "Upgrade". A sabon Windows 11 fuskar ta ɗan sauya, akwai akwatin da za ka yi wa alama cewa ka yarda a share komai, amma wuri ɗaya za ka isa.

Wurin shi ne jerin yankunan faifai, kuma a nan ake natsuwa. Za ka ga Drive 0 ko Disk 0 ya kasu gida uku, huɗu ko fiye, wasu ƙanana masu 'yan ɗaruruwan MB. Idan ka kwashe komai, goge su ɗaya bayan ɗaya har ya rage "Unallocated Space" guda, ka zaɓe shi, ka danna Next. Windows zai yanka abin da yake buƙata da kansa. Idan kwamfutar na da faifai biyu, ka gane kowanne ta girmansa, kada ka taɓa na biyun. Faifan wajen da ka kwashe kaya a ciki kuwa, kada ma ya kasance a jone a wannan lokaci.

A kan SSD aikin ba ya cika wuce rabin awa, a kan HDD yana iya haura awa. Da kwamfutar ta sake tashi karon farko, zare filash ɗin, don wasu suna komawa cikinsa su nuna maka shafin farko, ka ɗauka aikin bai yi ba. Windows 11 zai nemi intanet da asusun Microsoft kafin ya ƙarasa, to ka ajiye wayarka kusa da data a ciki.

Na kai wajen zaɓen faifai, sai jerin ya fito wayam, babu komai. Abokina kuma tasa ta nuna faifan amma ta ce "The selected disk is of the GPT partition style". Faifan ne ya mutu? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Ba lallai ba ne, ɗan uwa. Shiga BIOS, F10 a HP, F2 a Dell, ka ga ko faifan ya fito a can. Idan ya fito, yana da rai. A kwamfutoci masu furosesar Intel ta ƙarni na 11 zuwa sama, faifan yana bin wata hanya mai suna VMD, kuma filash ɗin Windows sau da yawa ba ya zuwa da direbanta, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ya gane na'ura. Ka je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ka sa lambar samfurinta, ka sauke direban Intel Rapid Storage Technology, ka warware shi a cikin filash ɗin, sannan a wancan shafi da ya fito wayam ka danna "Load driver" ka nuna masa foldar. Wasu BIOS ɗin suna ba da damar kashe VMD ko mayar da faifai kan hanyar da aka saba, AHCI, shi ma yana warware matsalar. Idan ko a BIOS faifan bai fito ba, a buɗe a duba ko ya zame daga gurbinsa kafin a yanke masa hukunci.

Ta abokinka kuwa saɓani ne: faifan a tsarin GPT yake, shi kuma ya tashi filash ɗin a tsohon tsari na Legacy. Ya sake kunnawa ya zaɓi filash ɗin da ke da UEFI a sunansa, ko ya kashe Legacy a BIOS. Idan saƙon akasin haka ne, yana ƙorafi kan MBR, tsohon tsarin faifai, goge dukkan yankunan faifan ya isa. Masu son hanyar umarni suna danna Shift da F10, su rubuta diskpart, sai list disk, sai select disk 0, sai clean. A lura, clean ba ya tambayar ko ka tabbata, kuma lambar da ka ba shi ita zai share, ko da ta filash ɗinka ce.

Na gama ɗorawa lafiya, amma babu Wi-Fi, ƙasan allo na cewa "Activate Windows", haruffanmu masu lanƙwasa ma sun ɓace. Kuma har yanzu fanka na ta ihu. Daga wata malamar makaranta, Gusau.

Malama, duk masu sauƙi ne. Wi-Fi direba ne babu. Jona wayarki ta Android da kebul, ki kunna "USB tethering", kwamfutar za ta samu intanet nan take, sai ki bar Windows Update ya sauko da direbobi. Wanda ya rage za ki gan shi da alamar rawaya a Device Manager, ki ɗauko shi daga shafin kamfanin kwamfutar. Manhajojin da ke alƙawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, ki bar su inda kika gan su. Ga masu shirin yi nan gaba: kafin fomat, a buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa, a rubuta pnputil /export-driver * sannan adireshin wata folda a faifan waje, duk direbobin za su kwafu.

Lasisi yana ɗaure ne da babban allon cikin kwamfutar, yawancin waɗanda aka ƙera tun zamanin Windows 8 ma lambar tana cikin BIOS. Da zarar ta hau intanet zai buɗe da kansa, matuƙar irin wanda ke kanta a da kika ɗora. Lasisin Home ba ya buɗe Pro, idan nan aka yi kuskure sai an sake ɗora wanda ya dace. Idan kuma dama can da manhajar sata aka buɗe shi, to babu lasisin da zai dawo, sai saye. Kada ki yarda a sake sa miki irin wannan manhaja. Kafin ta shiga sai an kashe Windows Security, kuma ta wannan ƙofa ce bairos da ɓoyayyun manhajojin haƙar kuɗin kirifto ke shiga su cinye ƙarfin kwamfuta.

Haruffa kuwa, Windows yana da madannan Hausa. A Settings, ƙarƙashin "Time & language", ki ƙara harshen Hausa, sai ki riƙa sauyawa da maɓallin Windows da Space, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ za su dawo. Ihun fanka a ranar farko ko ta biyu ba abin damuwa ba ne, sabuntawa ake ta ɗorawa a ɓoye. Idan ya wuce haka, ƙura ce.

Kwamfutata Core i3 ce ƙarni na huɗu, ta ce ba za ta ɗauki Windows 11 ba. In jefar? Daga wani dattijo, Kumasi.

A'a, Baba. Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2021, yana neman TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta), RAM 4GB, faifai 64GB, da furosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama ko takwararta ta AMD. Windows 10 kuma Microsoft ya daina tallafa masa a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai shirin ƙarin shekara guda na sabuntawar tsaro ga wanda ya yi rajista. Kwamfutarku ba za ta daina aiki ba, amma duk ɓarakar da aka gano bayan ƙarewar tallafi ba mai toshe ta, abin dubawa ne ga mai shiga banki da ita. Rufus yana iya tsallake sharuɗɗan Windows 11, yana kuma aiki, sai dai Microsoft bai ɗauki alƙawarin ci gaba da ba irin waɗannan kwamfutoci sabuntawa ba. Idan aikinku rubutu ne, imel da kallon bidiyo, ku sa SSD a ɗora muku Linux Mint mai fuskar Xfce, wani tsarin da ke maye gurbin Windows. Kyauta ne, ba shi da nauyi, jerin 22 yana da tallafi har 2029, kuma ana iya gwada shi daga filash ba tare da an taɓa faifai ba, ku ga ko Wi-Fi da firinta suna aiki kafin ku yanke shawara.

An yi wa kwamfutata fomat ba a kwashe hotunan bikin 'yata ba. Akwai dabara? Daga wata uwa, Damagaram.

Hajiya, Allah ya sa a dace. Abu na farko, ku daina amfani da ita yanzu, domin duk abin da aka ɗora yana iya hawa kan gurbin hotunan. A duba C tukuna ko akwai folda mai suna Windows.old. Idan mai gyaran ya ɗora sabo ne a kan tsoho bai goge ba, hotunan suna ciki, ƙarƙashin Users, kuma a yi hanzarin kwashewa don Windows yana iya share wannan folda da kansa bayan kwana 10. A kuma duba Google Photos da OneDrive, da wayoyin 'yan uwan da aka tura wa.

Idan babu, sai a ciro faifan a jona shi a wata kwamfutar, a bi shi da manhajar dawo da fayilolin da aka goge, PhotoRec ko Recuva, a sauke abin da aka samu a wani faifan daban. A kan HDD akwai fata sosai, musamman idan hotunan suna nesa da inda sabon Windows ya sauka, ko da yake PhotoRec yana dawo da su ne babu sunayensu na asali, sai an zauna an tantance. A kan SSD fatan kaɗan ne, domin akwai umarnin TRIM da ke sa faifan ya share guraben da aka goge jim kaɗan bayan gogewa. Duk wanda ya nemi kuɗi mai yawa kafin ya duba, a tambaye shi wane irin faifai ne a ciki tukuna.